Tambayoyi da Amsoshi a Kan Gudanar da Manhajar Yanar Gizo a Cikin Kwantenar Docker

Waɗannan tambayoyi sun taru ne daga bakin matasan da suke rubuta wa ƙungiyoyin manoma, makarantun Islamiyya da shagunan magani manhaja a garuruwan Kura, Bunkure da Garun Malam, har zuwa ɓangaren Ringim da Haɗeja. Yawancinsu manhajar tana aiki lafiya lau a kwamfutarsu, amma ranar da aka kai ta ofishin da za a yi amfani da ita sai ta ƙi tashi. Misalan da na kawo na Django ne, wato tsarin gina manhajar yanar gizo da harshen Python, domin da shi na fi aiki, kuma manhajar da zan riƙa komawa gare ta ita ce ta wata ƙungiyar manoman shinkafa, wadda take rubuta sunayen mambobi, takin da kowa ya karɓa bashi, da buhunan shanshera da ya biya da su bayan girbi.

Mece ce kwantena a harkar manhaja?

Sunan an aro shi ne daga kwantenar ƙarfe da ake loda wa kaya a tashar jiragen ruwa, wadda ake ɗora ta a jirgi, a sauke ta a kan tirela, a kawo ta Kano ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba. A harkar manhaja, kwantena tana nufin a haɗa manhajar da duk abin da take bukata domin ta yi aiki, wato harshen da aka rubuta ta da shi, kayan haɗin da ta dogara a kansu da saitinta, a killace su wuri ɗaya, ta yadda kowace kwamfuta aka kai su za su tashi iri ɗaya.

Docker, wanda aka fito da shi a shekarar 2013, shi ne ya yaɗa wannan hanya, ko da yake dabarun da ya tsaya a kansu sun riga shi zuwa cikin Linux. Ɗaya ita ce namespaces, mai sa manhaja ta ga kamar ita kaɗai ce a kwamfutar, da fayilolinta da hanyar sadarwarta. Ɗayar kuma ita ce cgroups, wadda ta shiga Linux a 2008, mai iyakance yawan ram da ƙarfin sarrafawar da manhaja za ta ci.

Django yana aiki a kwamfutata ba tare da Docker ba. Mene ne amfanin ƙara wa kaina wahala?

Django, wanda ya fito a 2005, da Flask da Laravel da makamantansu, tsare-tsare ne na gina manhajar yanar gizo, kuma babu ɗayansu da yake tsayawa da ƙafarsa shi kaɗai. Django yana bukatar Python mai lamba kaza, da kayan haɗin da suka dace da wannan lambar, da wasu fayilolin tsarin kwamfuta da mutum ya sauke tun watanni shida da suka wuce har ya manta ya sauke su. Kwamfutarka ta tara duk waɗannan a hankali, ita kuwa ta ofishin ƙungiyar ba ta da ko ɗaya. A birni matsalar ba ta wuce a zauna a sauke abin da ya rage ba. A ƙauyen da sai an fita bakin titi sabis yake kamawa, wannan yana nufin ka biya kuɗin mota da na babur, sakataren ƙungiya ya tara mutane domin a nuna musu, sannan ka koma gida ba ka yi komai ba.

Wannan shi ne babban amfanin kwantena a wurinmu: ana gama haɗa komai a inda akwai intanet, a gwada, a ɗauko shi a kammale. Idan kuwa koyo kawai kake yi a kwamfutarka, ba wanda yake jiran aikin, to babu laifi ka ƙware a Django tukuna kafin ka zo nan.

Mene ne bambanci tsakanin imej da kwantena?

Imej kamar abin buga bulo ne, kwantena kuwa ita ce bulon da aka buga. Imej ba ya canzawa bayan an gina shi, kuma daga imej ɗaya ana iya tayar da kwantena ɗaya ko goma. Umarnin `docker build -t shinkafa:1 .` shi ne yake gina imej, `docker run shinkafa:1` kuma ya tayar da kwantena daga gare shi. Duk abin da kwantena ta rubuta yayin aikinta yana zama a wata shimfiɗa ta wucin gadi a saman imej ɗin, kuma wannan shimfiɗar tana tafiya tare da kwantenar ranar da aka goge ta. A riƙe wannan magana da kyau, domin ita ce tushen tambayar ɓacewar bayanai da ke tafe.

Tsohuwar kwamfuta za ta iya ɗauka? Dole sai Linux?

Kwantena ba ta da nauyi irin na kwamfutar kwaikwayo da ake tayarwa da VirtualBox, domin ita ba ta ɗauke da cikakken tsarin aiki nata, tana amfani ne da ƙwayar Linux, wato kernel, zuciyar tsarin aiki, ta kwamfutar da take kai. Tsohuwar laftof mai ram gigabait 4, idan aka sa mata Ubuntu ko Debian, tana ɗaukar Django da rumbun bayanansa ta yi wa ƙaramin ofishi hidima ba tare da gajiya ba.

A kan Windows ana amfani da Docker Desktop, wanda yake tayar da ƙaramar Linux a ɓoye ta hanyar WSL 2, saboda haka yana cin ram sosai, kuma sai an kunna damar kwaikwayo a saitin BIOS. Ga koyo ya wadatar. Amma kwamfutar da za a ajiye a ofis ta riƙa aiki kullum, shawarata ita ce a sa mata Linux da Docker Engine, wanda kyauta ne kuma yana tashi da kansa ba sai wani ya shiga ya danna komai ba.

Me ake rubutawa a cikin Dockerfile?

Dockerfile takardar umarni ce da ake bi layi bayan layi wajen gina imej. Layin farko, `FROM python:3.12-slim`, yana faɗin imej ɗin da za a ɗora ginin a kansa. Sai `WORKDIR /app`, mai zaɓar foldar aiki. Daga nan a kwafi jerin kayan haɗi kaɗai da `COPY requirements.txt .`, a sauke su da `RUN pip install --no-cache-dir -r requirements.txt`, sannan a kwafi sauran rubutun manhajar da `COPY . .`. Layin ƙarshe, `CMD`, shi ne umarnin da zai gudana duk lokacin da kwantena ta tashi, kuma bayaninsa yana cikin amsar tambayar runserver da ke tafe. Yana da kyau a ƙirƙiri mai amfani na daban a saka layin `USER`, domin idan ba a yi haka ba manhajar za ta riƙa aiki da cikakken iko a cikin kwantenar, abin da ba ta bukata.

A cikin `requirements.txt` a rubuta kowane kayan haɗi da lambarsa. Wanda ya rubuta Django kawai ba lamba, imej ɗin da ya gina yau da wanda zai gina bayan shekara ba za su zama abu ɗaya ba.

Kowane gini yana cinye mini data. Yaya zan rage?

Abu na farko shi ne jerin layukan da aka ambata a sama, wanda ba a banza aka jera shi haka ba. Kowane layi yana samar da shimfiɗa ɗaya, kuma Docker yana ajiye shimfiɗun da ya riga ya gina. Idan wani layi ya canza, shi da duk na ƙasansa ne ake sake ginawa, na samansa kuwa a ɗauko su daga ajiya. Wanda ya sa `COPY . .` kafin `pip install`, ko waƙafi ɗaya ya gyara a rubutunsa sai an sake sauke Django da dukkan kayan haɗinsa daga intanet. Na ga ɗalibin da ya ƙarar da datar wata guda a cikin kwana uku saboda waɗannan layuka biyu da ya juya, yana ta zargin kamfanin waya alhali matsalar tana cikin fayil ɗinsa.

Abu na biyu shi ne zaɓen tushe. Cikakken imej ɗin Python yana kusan gigabait 1 a kan kwamfuta, mai laƙabin slim kuwa bai kai megabait 200 ba. Akwai na Alpine wanda ya fi su ƙanƙanta, sai dai yana amfani da musl a madadin glibc, wato wasu fayilolin tsari daban da waɗanda aka saba da su a Linux, kuma wasu kayan haɗin Python sai an harhaɗa su daga tushe a kansa, wanda hakan yake jawo sauke wasu kayan aikin da ɓata lokaci. Ga mai farawa, slim ya fi kwanciyar hankali. Na uku shi ne fayil ɗin `.dockerignore`, inda ake lissafa abubuwan da ba za a kwafa ba, kamar foldar `.git`, foldar `venv` da hotunan gwaji.

Ofishin da zan kai manhajar babu intanet sam. Ta yaya imej zai isa can?

A filash. Bayan ka gina imej ɗin a inda akwai sabis, umarnin `docker save -o kaya.tar shinkafa:1 postgres:16` zai zuba imej ɗin manhajar da na PostgreSQL, wato manhajar rumbun bayananta, a fayil ɗaya. A can ofis sai `docker load -i kaya.tar`, su dawo kamar yadda suke. Idan filash ɗin tsarin FAT32 gare shi, ba ya karɓar fayil ɗin da ya haura gigabait 4, ko da yake ƙaramar manhaja ba ta kai haka.

Abin da aka fi mantawa shi ne Docker ɗin kansa, wanda dole ya kasance a kan kwamfutar ofishin kafin a loda komai. Mafi sauƙi shi ne a ɗauko kwamfutar a kawo ta gari sau ɗaya, a sa mata Linux da Docker, a gwada komai bayan an kashe intanet gaba ɗaya, sannan a mayar da ita. Gwajin nan yana tona abubuwan da suke ɓoye, misali shafin da yake ɗauko salon rubutu ko kayan adon shafi irin su Bootstrap daga wata saba a ƙasar waje, wanda a ƙauye zai fito a wargaje. Bayan haka ƙaramar rauta ta isa, ba sai da layin waya a cikinta ba: wayoyin ma'aikata su kama ta, su buɗe manhajar da adireshin kwamfutar.

Na loda imej ɗin amma yana cewa exec format error.

An gina shi ne a kan na'ura mai wani nau'in ƙwaƙwalwa daban. Yawancin laftof da kwamfutocin tebur nau'in amd64 ne, su kuwa Raspberry Pi da sababbin kwamfutocin Apple masu M1 da na bayansa nau'in ARM ne. Wajen gini a faɗi inda za a kai shi, misali `docker build --platform linux/amd64`, kuma imej ɗin rumbun bayanai ma a sauke shi da wannan sharaɗin kafin a zuba a filash.

Kwantena tana aiki, amma burauza ta ƙi buɗe shafin. Ina matsalar take?

Wurare uku ake dubawa, kuma a jere. Na farko ƙofa: kwantena a rufe take, sai an buɗe mata hanya da `-p 8000:8000`, inda lambar hagu take nufin ƙofar kwamfuta, ta dama kuma ƙofar cikin kwantena. Layin `EXPOSE` na cikin Dockerfile sanarwa ce kawai, ba ya buɗe komai.

Na biyu shi ne wanda ya fi kama mutane. Django da Flask, idan ba a gaya musu ba, suna saurare ne a adireshin 127.0.0.1, wanda ma'anarsa ita ce na'urar da nake ciki. A cikin kwantena kuwa, na'urar da manhaja take ciki ita ce kwantenar kanta, saboda haka babu wanda zai same ta daga waje. Dole a ce mata ta saurara a `0.0.0.0:8000`. Na uku, idan shafi ya buɗe amma ya nuna kuskure mai lamba 400, to adireshin kwamfutar, irin su 192.168.0.10, ba ya cikin `ALLOWED_HOSTS`, wato jerin adireshin da aka amince da su a saitin Django. A kuma saita rauta ta riƙa ba wa kwamfutar adireshi ɗaya kullum, in ba haka ba wata safiya za a wayi gari ya canza, ma'aikata su kira ka su ce manhaja ta lalace.

Na sake gina imej, sai na tarar duk bayanan da aka shigar sun ɓace. Za a iya dawo da su?

Idan an riga an goge tsohuwar kwantenar kuma bayanan a cikinta suke, kusan kullum amsar ita ce a'a. Kafin a fid da rai, a duba `docker ps -a`, domin kwantenar da aka tsayar kawai ba a goge ba tana nan da kayanta, kuma `docker cp` zai iya fito da fayil ɗin.

Wannan ya taɓa faruwa da ni, kuma har yau ina jin nauyinsa. A farkon aikina da ƙungiyar manoman nan, na bar fayil ɗin SQLite, wanda duk bayanan suke ciki, a cikin foldar manhaja a cikin kwantena. Sakatarensu, dattijo ne mai haƙuri, ya yi kusan mako biyu yana zama bayan la'asar da babban littafin rajista a cinyarsa, ɗansa yana karanto suna da adadin buhu shi kuma yana shigarwa da yatsa ɗaya. Na zo na gyara kuskuren rubutu a kan rasit, na ba da umarnin `docker compose up --build`, aka goge tsohuwar kwantena aka tayar da sabuwa, shafin mambobi ya fito fayau babu ko suna ɗaya. Ya dube ni ya ce, “Malam, ai littafin yana nan, sai mu sake.” Ni na zauna na sake shigar da su da hannuna, amma wannan bai biya shi yammacin da ya rasa ba.

Maganin shi ne ma'ajiya ta waje da kwantena, wadda Docker yake kira volume. Ga PostgreSQL 16, ana haɗa ma'ajiya mai suna da foldar `/var/lib/postgresql/data`. Hotuna da takardun da mutane suke ɗorawa su ma suna bukatar tasu ma'ajiyar. Da zarar an yi haka, a goge kwantena sau ɗari, bayanai suna nan. Sai dai a kiyayi harafi ɗaya: `docker compose down` yana sauke kwantenoni ya bar ma'ajiya, amma `docker compose down -v` yana haɗawa da ma'ajiyar ya share, kuma ba ya tambaya ko ka tabbata.

Zan sa rumbun bayanai a kwantena ɗaya da manhajar?

A raba su. Fayil ɗin `compose.yaml`, wanda Docker Compose yake karantawa don tayar da kwantenoni da yawa tare, yana bayyana hidimomi biyu, a ce `web` da `db`, kuma umarni ɗaya, `docker compose up -d`, yana tayar da su tare a kan hanyar sadarwa tasu ta cikin gida. A saitin Django, adireshin rumbun bayanai shi ne sunan hidimar, wato `db`, ba localhost ba, saboda dalilin da aka bayyana a tambayar burauza. Babu bukatar buɗe ƙofar 5432 zuwa waje, tunda manhajar ce kaɗai take magana da rumbun.

Kalmar `depends_on` ita kaɗai tana tabbatar da cewa an tayar da `db` da farko ne, ba wai ya shirya karɓar aiki ba. A tsohuwar kwamfuta PostgreSQL yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya shirya, Django ya riga shi ya nemi haɗi, ya rasa, ya faɗi. Ana gyara wannan da `healthcheck` mai amfani da `pg_isready`, tare da sharaɗin `service_healthy`. Ƙirƙirar teburan bayanai kuma ana yin ta ne bayan an tashi, da `docker compose exec web python manage.py migrate`, ba lokacin gina imej ba, domin a lokacin gini babu rumbun da za a yi magana da shi.

Idan aka ɗauke wuta ko batirin sola ya ƙare fa?

A sa `restart: unless-stopped` a kan kowace hidima, a kuma tabbatar da `systemctl enable docker`, domin kwamfuta tana kunnuwa komai ya dawo da kansa. Kwamfutar tebur tana da saiti a BIOS da yake sa ta kunna kanta idan wuta ta dawo. Ni dai laftof na fi so a wannan aiki, domin batirinta yana riƙe ta a tsakanin ɗaukewar wuta da tayar da janareta, kuma ba ta jan inbata sosai. Sai a gyara `HandleLidSwitch=ignore` a fayil ɗin `logind.conf` don kada ta yi barci idan an rufe murfinta, a ɗora ta a wuri mai iska nesa da taga, saboda zafin bazara da ƙurar hunturu.

PostgreSQL yana rubuta kowane canji a wani littafin tsaro kafin ya taɓa ainihin bayanai, shi ya sa yawanci yake farfaɗowa da kansa bayan yankewar wuta. Wannan ba ya kare ka daga faifan da ya mutu, don haka a karanta amsar kwafin ajiya.

Me ya sa ake hana amfani da runserver, kuma ina adon shafina ya tafi?

Masu Django da kansu sun rubuta cewa `runserver` na gwaji ne, ba a gina shi don aikin gaske ba. A cikin kwantena ana amfani da Gunicorn, sabar da aka gina don aikin gaske, a sa umarninsa a layin `CMD`, misali `gunicorn shinkafa.wsgi --bind 0.0.0.0:8000 --workers 3`. Kowane ma'aikaci kwafin manhajar ne a cikin ram, saboda haka a ƙaramar kwamfuta biyu ko uku sun isa.

Da zarar an koma Gunicorn kuma an mayar da `DEBUG` zuwa `False`, launuka da tsarin shafi suna ɓacewa, domin Django ya daina miƙa waɗannan fayiloli da kansa. Ana tattara su da `collectstatic`, sannan a bar wa WhiteNoise ko Nginx aikin miƙa su. Ga ƙaramin ofishi WhiteNoise ya fi sauƙi, tunda ba ya bukatar kwantena ta uku, amma shi ba a yi shi don hotunan da mutane suke ɗorawa ba. Kada a bar `DEBUG` a kunne don gudun wannan wahala, domin shafin kuskurensa yana baje sirrin manhajar ga duk wanda ya gani.

A ina zan ajiye kalmar sirri da SECRET_KEY?

Ba a cikin Dockerfile ba, ba kuma a cikin rubutun da aka kwafa zuwa imej ba. Abin da ya shiga shimfiɗa ya zauna, ko da an goge shi a layi na gaba, kuma duk wanda filash ɗin ya faɗa hannunsa zai iya tono shi. A ajiye su a fayil ɗin `.env` a kan kwamfutar ofishin, a sa sunansa a `.dockerignore` da `.gitignore`, Compose ya miƙa wa kwantena su lokacin tashi.

Sunayen manoma, lambobin wayarsu da bashin da ake bin su amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta shafe su. Wanda ya kama hayar saba a intanet ya san cewa ƙofar da Docker ya buɗe da `-p` tana iya tsallake UFW, katangar tsaron Ubuntu, ya zamana rumbun da yake zaton a rufe yake a buɗe yake ga duniya.

Haruffan ƙ, ɗ da ɓ suna fitowa kamar akwati a kan rasit, kuma agogo yana baya da awa ɗaya.

Idan haruffan suna fita daidai a burauza amma suna lalacewa a takardar PDF, ba rumbun bayanai ne da laifi ba. Imej ɗin slim ba ya zuwa da salon rubutu, kuma Helvetica da ReportLab, kayan haɗin da ke fitar da PDF, yake farawa da shi ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. A saka `fonts-dejavu-core` a cikin imej, a yi wa DejaVu Sans rajista a wurin da ake haɗa rasit. Mai amfani da MySQL kuma ya zaɓi `utf8mb4`. Ba ƙaramin abu ba ne a miƙa wa mutum takardar da aka rubuta sunan garinsu ko na mahaifinsa da akwati a tsakiya.

Agogon kwantena yana bin lokacin UTC, Nijeriya kuwa tana gaba da shi da awa ɗaya. A saitin Django a rubuta `TIME_ZONE = 'Africa/Lagos'`. Idan kuwa kwanan watan ne gaba ɗaya ya koma shekarun baya, to ƙaramin batirin agogon da ke cikin tsohuwar kwamfutar ne ya mutu, kuma tunda babu intanet da zai gyara mata lokaci, sai an canza shi.

Kwantena tana tashi tana mutuwa. Daga ina zan fara bincike?

Daga `docker compose logs web`, kuma a karanta daga ƙasa, domin layin ƙarshe ne yake faɗin abin da ya kashe ta. Idan `docker ps -a` ya nuna lambar fita 137, an kashe ta ne da ƙarfi, kuma sau da yawa ƙarewar ram ce, sai a rage ma'aikatan Gunicorn. Idan bayan watanni komai ya tsaya cak, a duba faifai da `docker system df`. Rahoton aikin kwantena ba shi da iyaka sai an sa masa da `max-size`, tsofaffin imej kuma suna taruwa. Umarnin `docker image prune` yana share marasa suna. A wurin da babu intanet a guji `docker system prune -a`, domin zai share duk imej ɗin da babu kwantenar da take amfani da shi, har da tsohon da kake ajiye don komawa.

Yaya ake kwafin ajiya, kuma yaya ake sabunta manhaja ba tare da fargaba ba?

Ma'ajiyar volume tana kan faifan kwamfutar nan ɗaya, saboda haka idan aka sace ta ko ruwan damina ya zubo mata ta rufi, komai ya tafi. Umarnin `docker compose exec -T db pg_dump -U shinkafa shinkafa > ajiya.sql` yana fitar da dukkan bayanan rumbun a fayil ɗaya, wanda ga ƙaramar ƙungiya ba shi da girma. A sa `cron`, mai gudanar da umarni a lokacin da aka ƙayyade masa, ya riƙa yin sa kullum, a kwafe a filash biyu, ɗaya ya kwana a gidan ma'aji ba a ofis ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: a gwada mayar da kwafin a wata kwamfuta tun ana zaune lafiya, domin na sha ganin fayil ɗin ajiya da aka buɗe ranar bukata aka tarar babu komai a ciki.

Wajen sabuntawa, kowane imej a ba shi lambarsa, `shinkafa:1`, `shinkafa:2`, a bar na baya a kan kwamfutar. A ɗauki kwafin ajiya, a loda sabon, a canza lamba a `compose.yaml`, a tayar, a yi `migrate`. Idan abu ya ɓaci, a koma tsohuwar lamba a mayar da kwafin. Haka kuma kada a rubuta `postgres:latest`, domin bayanan da PostgreSQL 16 ya rubuta, na 17 ba zai buɗe su kai tsaye ba, sai an fitar da su an sake zubawa. Kuma kada a zaɓi makon karɓar shanshera, lokacin da mutane suke layi da buhuna a bakin sito, a ce ranar za a sabunta.

Ana ta maganar Kubernetes. Ina bukatarsa?

Kubernetes, wanda Google ya fitar a 2014, an yi shi ne don sarrafa kwantenoni masu yawa a kan kwamfutoci masu yawa. Ofishi mai kwamfuta ɗaya da ma'aikata biyar ba shi da abin da zai ba shi ya yi, sai dai ya cinye ram ɗin da manhajar take bukata. Mai neman aiki a manyan kamfanoni zai amfana da koyonsa daga baya, kuma imej ɗin da ya gina yau zai yi aiki a can ba tare da canji ba, haka ma a kan Podman, wani takwaran Docker, tunda dukkansu suna bin ƙa'idar kwantena ta OCI da aka kafa a 2015. Ga manhajar ƙungiyar shinkafa, fayil ɗin `compose.yaml` ɗinta bai kai layi arba'in ba, kuma na buga kwafinsa a takarda na manna a cikin murfin littafin rajista, tare da umarni uku da ɗan sakataren zai rubuta idan ya kira ni bai same ni ba.